Natija: Maganar da Hujja ke Haifarwa

Assalamu alaikum, masu kallo. Kun sha jin malami ya jero hujjoji, can sai ya ce, "natijar maganar ita ce kaza." To, mece ce natija?

Kalmar Larabci ce, tushenta haruffa uku: nun, ta da jim. Larabawan dauri da wannan tushe suke faɗin haihuwar dabbobi, musamman idan taguwa ta haihu. Ku riƙe wannan, domin ma'anar duka a nan take.

A zamanin daular Abbasiyya, daga ƙarni na 8 zuwa na 10, an yi ta fassara littattafan Girkawa zuwa Larabci a Bagadaza, har da na Arisɗo, wanda Turawa ke kira Aristotle, kan manɗiƙi, wato ilimin auna hujja. Manyan malamai irin su Alfarabi, wanda ya rasu wajen shekarar 950, da Ibn Sina, da ya rasu a 1037, suka zurfafa fannin. A wurinsu, maganganu biyun da ake fara gabatarwa su ne muƙaddima, ƙarama da babba, ta ukun da suka haifa kuwa ita ce natija.

Ga misalin da ɗaliban manɗiƙi suka sani: duniya tana canzawa, duk abin da ke canzawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. Wanda ya yarda da biyun farko, ba shi da hanyar kauce wa ta uku. Dole ce ta kama shi.

A nan ne natija ta sha bamban da sakamako, duk da a hirar yau da kullum ana musanya su. Sakamako abu ne da ke biyo baya, kamar na jarrabawa ko na zaɓe, sai an jira a gani. Natija ba ta buƙatar jira, tana kwance cikin muƙaddima tun farko, fito da ita kawai ake yi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne juya hujja a baibai. Idan an yi ruwa, ƙasa za ta jiƙe, gaskiya ne. Amma ganin ƙasa a jiƙe bai tabbatar da an yi ruwa ba, wataƙila famfo ne ya fashe. Mutane da yawa da irin wannan suke yanke wa 'yan'uwansu hukunci, alhali hujjar ba ta haifi komai ba.

Akwai kuma wani tarkon. Duk tsuntsu yana tashi sama. Jimina tsuntsuwa ce. Ke nan jimina tana tashi. Ginin hujjar daidai yake, natijar ta fito ta hanyar da ta dace, amma ƙarya ce, domin jimina gudu take yi da ƙafa. Laifin yana cikin muƙaddimar da ta ce "duk tsuntsu", kuma ita za a koma a gyara.