Ilhama ake jira, ko rubutu ke kiranta?

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Nura ne daga Tudun Wadan Zariya, tare da Anti Hauwa da Malam Lawal. Tambayar yau: mutum na son rubutu amma kansa ya cushe, ya zauna jiran ilhama?

Hauwa: Zai daɗe yana jira kuwa. Ni sai na fara jan biro nake sanin abin da zan ce. Shafin farko shirme ne, na yarda, amma can cikin na biyu sai wata a cikin labarin ta faɗi maganar da ban shirya mata ba, labari ya juya.

Malam Lawal: Ai garin nan shaida ne. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya sa gasa, ya bi malamai yana roƙon su rubuta ƙagaggen labari da boko, abin da ba su saba ba. Abubakar Imam na koyarwa a Midil ta Katsina, shekararsa 22, ya zauna ya rubuta Ruwan Bagaja. Aiki aka ba shi. Da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 kuma shi ne edita, kuma jarida ba ta jiran kan edita ya sake.

Nura: Amma Malam, Aliyu Namangi fa? Makaho ne, bai riƙe alƙalami ba, ga waƙarsa Imfiraji. Wannan ai baiwa ce kawai.

Malam Lawal: Baiwa na nan, Nura, ban musa ba. Amma ka taɓa gwada waƙa mai ƙafiya? Ka ɗauki harafi guda, ka ce kowane baiti da shi zai ƙare. Baiti goma na farko kalmomin kusa sun ƙare maka. Dole ka tono wata da ka manta ka sani, ita kuma ta zo da nata zance. To ko a ka kake tsarawa, aikin ɗaya ne. Dubi tahamisi ma: ka ɗauki baitin wani mai ɗango biyu, ka ɗora uku a kai ya zama biyar. Malamanmu sun san matsi na haifar da magana.

Hauwa: Mu masu sa labari a WhatsApp da Wattpad namu matsin daban ne. Ka yi kwana biyu shiru, sai saƙo: "Anti, ina ci gaba?"

Nura: Shi ya sa wasu labaran ke jan jiki, kishiya ta yi ta zuwa gidan boka har shafi ɗari.

Hauwa: (dariya) Wannan rashin gyara ne, ƙanena. Rubuta da yawa, ki saki kaɗan, haka nake gaya wa ƙannena mata. Matsalar ita ce abin da aka buga da dare shi ake turawa da asuba.

Nura: To wanda ya zauna yau, me zai fara rubutawa?

Hauwa: Abin da kunnensa ya ji. Ya hau a-daidaita daga Ƙofar Doka zuwa Sabon Gari, ya dawo ya rubuta cinikin da aka yi da direba, kalma da kalma.

Nura: Ni dai har yanzu ina ganin akwai ranar da ko ka matsa ba ta zuwa.

Malam Lawal: Akwai. Ranar sai ka gyara na jiya.

Nura: Mu je hutun taƙi, in mun dawo Anti za ta karanto mana saƙonninku.