Afendis ɗin da ba ya ciwo inda aka saba

Masu kallo, ku ɗora hannu a ƙasan cikinku ta dama, tsakanin cibiya da ƙashin ƙugu. Nan ne ciwon afendis, wato kumburin wani ɗan tsiro da ke jikin babban hanji, ya fi sauka: ya faro daga cibiya, ya gangaro nan, ga tashin zuciya, ga zazzaɓi. Likita Charles McBurney ne ya bayyana wurin a 1889.

To amma ɗan tsiron hanjin nan ba wuri ɗaya yake kwanciya a jikin kowa ba. Idan ya maƙale a bayan babban hanji, likita zai danna ciki, mara lafiya ko gezau, ciwon yana can kwiɓi ko baya, sai a zaci ƙoda ce. A nan akan kwantar da shi ta gefen hagu, a ja cinyarsa ta dama baya. In ya zabura, an samu alama. Idan kuma tsiron ya leƙa cikin mara, ya gogi mafitsara, sai yawan fitsari ko gudawa. Akwai ma waɗanda aka haifa kayan cikinsu a juye, nasu ciwon a hagu yake.

Mai juna biyu, mahaifa kan ɗaga tsiron sama. Tsoho kuwa, wani lokaci ko zazzaɓi babu.

Yara ƙanana su suka fi ba ni tausayi. Ɗan shekara 3 ba zai ce ga inda ke ciwo ba. Zai ƙi abinci, ya naɗe ƙafafu, ya ƙi tsalle, ya yi kuka in an girgiza gadonsa. Sai a ce ai amai da gudawa ne, kafin a ankara afendis ɗin ya fashe. Kuma ku kula: da zarar ya fashe, ciwon kan lafa na ɗan lokaci. Wannan sauƙin yaudara ne, mugunya ce ke bazuwa.

Shi ya sa likita ba ya tsayawa a taɓa ciki. Zai duba jini da fitsari, ya yi wa mace gwajin ciki, sannan hoto: na ultrasound ga yara da masu juna biyu, CT ga manya.

Magani yawanci tiyata ce, sau da yawa ta 'yan ƙananan ramuka da kyamara. Wanda nasa bai fashe ba, akan gwada maganin kashe ƙwayoyin cuta, sai dai ciwon na iya dawowa. In mugunya ta taru wuri ɗaya, akan fara zuƙe ta tukuna.

Ciwon ciki da ke ƙaruwa awa bayan awa, kada a sha maganin wankin ciki, a nufi asibiti.