Yadda laburaren makaranta zai zama wurin aikin hannu

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Malam Sani da Malam Bashir, kuma zancen laburaren makaranta za mu yi. A makarantu da dama ɗakin a kulle yake wuni, littattafai na shan ƙura. Malam Sani, idan ana so yara su riƙa shiga suna haɗa abu da hannunsu, daga ina ake farawa?

Sani: Daga fitar da kaya, Malama, tun kafin a sayi ko ƙusa. A sauke littattafan duka a raba su gida uku: masu amfani, masu bukatar gyara, da waɗanda gara ta ci ko manhajarsu ta daɗe da canzawa. Kashi na ukun nan shi ne ke cinye fili. Sai a mayar da kantoci jikin bango domin tsakiyar ɗaki ta buɗe. Amma kar kanta ta manne da bango, a bar tazarar yatsu huɗu, ƙasanta kuma ya ɗaga kamar santimita 15. Ta haka mai shara zai hango hanyar gara tun tana sabuwa.

Bashir: A kuma ɗaure doguwar kanta da bango da ƙarfe. Yara za su riƙa kai da komo, wani zai jingina, wani zai taka don ya ɗauko na sama.

Hadiza: To tebura fa? Dogayen bencinan aji ba sa barin yara su fuskanci juna.

Bashir: Kafinta ya sayo fallen filawud mai ƙafa 4 da ƙafa 8, mai kauri, ya raba biyu. Falle uku sun ba da tebur shida ke nan, kowanne yara biyar za su zagaye shi. Tsayinsa santimita 75. A goge kusurwoyi, a bar hanyar mita ɗaya tsakanin tebur da tebur. In aka yi amfani da siririn filawud don rage kuɗi, kafin zango ya ƙare tsakiyarsa ta lotsa.

Hadiza: Tebur shida, yara talatin. Ajinmu kuwa sittin ne, wani ma ya fi.

Sani: Nan jadawali ke shigowa, kuma ni a ganina shi ne ginshiƙin abin. A nemi shugaban makaranta ya ba da darasi biyu a haɗe, minti 80. Minti 10 na bayani. Sai rabin aji su hau tebur na minti 30, sauran rabin su ɗauki littattafai su zauna kan tabarma a baranda ko inuwar darbejiya. Sai a yi musanya. Minti 10 na ƙarshe na tattara kaya ne, kuma ba a taɓa shi ko da aiki bai ƙare ba.

Hadiza: Masu tabarmar me suke karantawa? Kar abin ya koma zaman hira.

Sani: Abin da ya shafi aikin ranar. Mai kula da laburare ya ware littattafan tun jiya. A tsarin Dewey, wato tsarin jera littattafan laburare da lambobi, kimiyya na lamba 500, fasaha na 600, nan zai duba. A ba kowane rukuni tambaya biyu da sai sun buɗe littafi za su amsa. In ba a yi haka ba, an kori littafi daga ɗakinsa, an mayar da wurin shagon gyara.

Hadiza: Malam Bashir, ba mu aiki guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe.

Bashir: Mu ɗauki fitilar karatu ga 'yan JSS 2. Kowane tebur a ba shi batir mai bolt 9 da marfinsa mai waya, farin ƙwan LED, resista (ɗan abin da ke rage ƙarfin wutar da ke shiga ƙwai) mai om 330, ƙaramin makunni, waya rabin mita, salatif, da kwali ko robar ruwa da za ta zama jikin fitilar. Jan waya daga batir ya shiga makunni, daga makunni zuwa resista, daga resista zuwa doguwar ƙafar ƙwan. Gajeriyar ƙafa ta koma baƙar waya.

Hadiza: Me ya sa 330?

Bashir: Yaran ne ya kamata su fitar da wannan lissafi. Farin ƙwai na cin bolt 3, saura 6. Wutar da yake ɗauka lafiya kamar miliamfiya 20 ce, wato amfiya 0.02. A raba 6 da 0.02, a samu 300, sai a ɗauki resistar da ta fi kusa daga sama. Matsalolin kuma sanannu ne. In ƙwai bai kama ba, yawanci an juya ƙafafunsa ne, ko ba a fere robar waya da kyau ba. In ya haska sau ɗaya ya mutu, an tsallake resista. In batir ya ɗau zafi, wayoyin biyu sun haɗu kai tsaye, a cire marfin nan take. Malami kar ya gyara musu. Ya miƙa musu mitar auna wutar lantarki su auna da kansu.

Sani: Shi ya sa ake sayen ƙwai ɗari, ba goma sha biyu ba. Ƙonewarsa na cikin darasin. Abin da ke kashe irin wannan ɗaki shi ne ƙarewar ƙananan kaya: gam, batir, salatif. A kai maganar gaban kwamitin SBMC mai kula da harkokin makaranta ko ƙungiyar iyaye da malamai, a ware kuɗinsu kowane zango.

Hadiza: Akwai abin da ke damuna. A makarantar haɗaka, da an ajiye kaya maza ke wawushewa, 'yan mata su koma riƙe biro.

Sani: Gaskiya ne, kuma ba ya gyaruwa da wa'azi. A raba aiki a rubuce: mai haɗawa, mai aunawa, mai rubutu, mai karɓo kaya, mai bayani. Kowane mako a juya, malami na da takardar a hannu. Mai karɓo kaya shi ke sa hannu a rajista. Almakashi da filaya a rataye su kan allon katako, a zana siffar kowanne da fenti. Wanda ya ɓace, gurbinsa zai nuna kafin a buɗe ƙofa.

Hadiza: Sai wuta. Kowa sola yake ambata.

Bashir: A yi lissafi kafin a saya. Kwamfutar cinya huɗu, wat 50 kowacce, 200. Fanka biyu, 120. Ƙwai huɗu, 40. Jimla 360. Batir mai bolt 12 da 200Ah (amfiya-awa 200) na riƙe wat-awa 2,400, amma irin mai ruwa rabinsa kawai ake ja, in ana so ya yi ƙarko. Wato kusan awa uku idan babu rana. Abu uku ke lalata shi: jona hita ko dutsen guga, barin ruwan batir ya ƙafe, da ƙurar hunturu kan faifan sola, wanda ke son gogewa duk mako. Batirin kuma a ajiye shi a wuri mai iska, nesa da littattafai, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta. A sa bokitin yashi da akwatin taimakon gaggawa kusa da ƙofa.

Sani: Rashin intanet ma ba cikas ba ne. Da manhajar Kiwix ana sauke Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da data ba. Scratch ma na aiki haka, ga masu koyon haɗa manhaja.

Hadiza: Na ƙarshe, 'yan SS 3 masu shirin WAEC da NECO. Su shiru suke bukata.

Sani: Haƙƙinsu ne. A rubuta lokutan shiru a manna a ƙofa, misali awar farko ta safe da bayan tashi. A lokacin ana kulle akwatin kayan aiki, tebura su zama na karatu. Idan jarrabawa ta matso, a ƙara musu awanni, a rage darasin aikin hannu zuwa kwana biyu a mako har su gama.

Hadiza: Madalla. Malam Sani, Malam Bashir, mun gode. Masu sauraro, sai mun haɗu a shiri na gaba.