Sharhi: Kafin a Sake Rubuta wa Sudan Tsarin Mulki

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, na Gadarif da Kasala, na Mai Wurno da Damazin, na Bur Sudan, da 'yan uwa da ke kama mu daga Jidda da Makka.

A watan Fabrairun 2025 hukumomin soja da ke zaune a Bur Sudan a lokacin suka yi wa takardar tsarin mulkin riƙon ƙwarya ta 2019 gyara. A cikin watan nan ne kuma dakarun kai ɗaukin gaggawa (RSF), waɗanda suke yaƙi da sojan gwamnati, da ƙawayensu suka taru a Nairobi suka sa hannu a kan tasu yarjejeniyar, a watan Maris suka biyo ta da nasu tsarin mulkin. Ƙasa ɗaya, ana yaƙi a cikinta tun ranar 15 ga Afrilun 2023, ga takardu biyu kowace tana cewa ita ce uwar dokoki, kuma babu wadda aka kai gaban talaka aka ji ta bakinsa. Ko ba jima ko ba daɗe bindiga za ta yi shiru da yardar Allah, a zauna a ce za a rubuta sabon dustur, wato tsarin mulki. A kan wannan zama ne nake so mu yi magana tun bai zo ba.

Rubuta tsarin mulki ba sabon abu ba ne a Sudan. An yi na 1956, da na 1964, da na 1973 wanda Ja'afar Numeiri ya kira na dindindin, da na 1985, da na 1998, da na 2005, da takardar 2019. Yawancinsu na wucin gadi ne, kuma soja sun sha ture su: Ibrahim Abbud a 1958, Numeiri a 1969, Umar al-Bashir a 1989, Abdulfattah al-Burhan a watan Oktoban 2021. Na 1998 an yi masa ƙuri'ar raba gardama, amma a lokacin jam'iyyu suna haramce tun juyin mulkin 1989.

Ciwon ya girmi 'yancin kai. A watan Disamban 1955, 'yan majalisa na Kudu sun yarda a ayyana 'yanci bisa alkawarin za a duba buƙatarsu ta tsarin tarayya da idon basira. Ba a yi nisa ba kwamitin tsarin mulki ya yi watsi da ita. Aka yi yaƙi har 1972, aka sasanta a Addis Ababa, aka ba Kudu cin gashin kai, aka ma shigar da shi cikin tsarin mulkin 1973. A 1983 Numeiri ya raba Kudu gida uku da umarnin kansa. Yaƙi ya dawo, ya ci kusan mutum miliyan 2 kafin yarjejeniyar 2005.

Tsarin mulkin 2005 ɗin nan, wanda duk ya karanta shi zai yaba. Ya ce Sudan ƙasa ce mai al'adu da harsuna da ƙabilu da addinai da yawa. Ya ce zama ɗan ƙasa shi ne tushen haƙƙi da wajibi ga kowa. Ya ce duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan Sudan ne, ba mai raba shi da jinsiyya, wato matsayinsa na ɗan ƙasa. Ya ce duk harsunan ƙasar na ƙasa ne, a girmama su a raya su. Shekara 6 bayan haka kusan kashi 99 cikin 100 na masu ƙuri'a a Kudu suka zaɓi rabuwa. A shekarar 2011 ɗin kuma aka gyara dokar jinsiyya, mutanen da aka haifa a Khartum da Umdurman, waɗansunsu ba su taɓa taka Juba ba, suka wayi gari ba 'yan Sudan ba ne, saboda asalin kakanninsu. Duk Bahaushen da ya ga wannan ya ce ba ruwansa, bai karanta tarihin gidansu ba.

Dokar da Turawan mulkin mallaka suka kafa a 1948, wadda dokar jinsiyya ta 1957 ta gada, ta sa iyaka da ranar 31 ga Disamban 1897. Wanda zuriyarsa ta wajen uba take zaune a ƙasar tun kafin wannan rana, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. To, ku duba lissafin. Mutanenmu sun yi ƙarnoni suna ratsa Darfur da Kurdufan a kan hanyar Hajji zuwa Sawakin, waɗansu suka yi gida tun zamanin da. Amma babbar hijira ta zo ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka sauka a bakin kogi kusa da Sinnar, garin da har yau yake ɗauke da sunansa. Da aka kammala madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannuwan mutanen Afirka ta Yamma suna cikin waɗanda suka yi noma da tsinka. Haka riɗi da dawar Gadarif. Doka ta zo ta tsaya a 1897, sai ta bar mafi yawan waɗannan mutane a bayan ƙofa, 'ya'yansu da jikokinsu ana ce musu baƙi a garin da aka binne cibiyarsu.

Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairun 1956. A rubuce magana ta ƙare. Amma a bakin tagar ofis ba ta ƙare ba, kuma da wuya a sami gida a cikinmu da ba shi da labarin wannan taga. Mutum ya je neman jinsiyya ko lambar ɗan ƙasa, wadda sai da ita ake yin fasfo da sauran mu'amala da hukuma. Maƙwabcinsa ya faɗi sunan ƙabilarsa aka buga masa hatimi. Shi kuwa da ya faɗi tasa, sai a ce ya kawo shaidu daga dangin uba, ya kawo umda, wato dagaci, ya kawo takardar kaka. Ba mu kaɗai ba ne a wannan layi. Bani Amir a gabas ana yi musu kallon 'yan Eritiriya, Zagawa da Masalit a yamma ana yi musu kallon 'yan Chadi. Iyakokin da Turawa suka ja sun ratsa ta tsakiyar al'ummomi, aka bar talaka yana biyan kuɗin layin da ba shi ya ja ba.

Ƙasar noma ita ce ɗaya rabin matsalar, kuma ita ce ta fi zubar da jini. Tun shekarun 1920 Ingilishi suka tsara mulkin gargajiya irin wanda Lugga ya shimfiɗa a Arewacin Najeriya: ƙabila mai yankinta tana da nazir, wato sarkin ƙabila, ƙarƙashinsa umda da shehu, wadda ba ta da yanki kuwa tana zaune ne a inuwar wani. A 1970 gwamnatin Numeiri ta yi dokar da ta ce duk filin da ba shi da rajista na gwamnati ne, a 1971 ta rushe mulkin gargajiyar. Daga baya aka dawo da shi, gwamnatin Bashir kuma ta mai da sarautu abin raba wa masu goyon baya. Sai ƙasa ta zauna da dokoki biyu masu karo da juna. Ɗaya ta ce fili na gwamnati ne, ɗaya ta ce na ƙabila ne. Manomin da ubansa ya sare dajin, shi kuma ya tsufa yana noma shi, ba ya cikin ko ɗaya.

Abin da ya faru a jihar Nilul Azrak (Blue Nile) a 2022 daga nan ya taso. Hausawa sun nemi a ba su sarautarsu a cikin tsarin gargajiya, shugabannin ƙabilun da suka riga su zama suka ƙi, domin a fahimtarsu sarauta da mallakar ƙasa tafiyarsu ɗaya. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a Gaisan da Rusairis da kewaye, aka kashe fiye da mutum 100. A watan Oktoba a yankin Wad al-Mahi aka kashe fiye da 200. Dubban iyalai suka bar gidajensu, zanga-zanga ta tashi a Kasala da Gadarif da Bur Sudan da Khartum. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, na kowane ɓangare.

Zan faɗi abin da na san ba kowa zai ji daɗinsa ba. Tsoron maƙwabtanmu Barta da Funj da Hamaj ba ƙirƙira ba ce. Sun ga manyan gonakin injina an yanka wa attajirai daga wasu wurare a kan ƙasar kakanninsu. Sun ga madatsar Rusairis, wadda aka gina a 1966 aka ƙara mata tsawo a 2013, ta tashi ƙauyuka, wutar lantarkinta kuma ta fi amfanar wasu garuruwa masu nisa. Mutumin da aka yi ta ƙwace wa, idan ya ji ana maganar sabuwar sarauta, kunnensa ƙwace yake ji. Wannan ba ya halatta jinin kowa. Haka kuma buƙatar mutanenmu tana da dalili, tunda tsarin ya nuna musu cewa wanda ba shi da nazir ba shi da bakin magana. Amma ni a ganina, ko da an ba kowace ƙabila nazir ɗinta, mun yi gyaran jinka ne alhali ruwa gindin bango yake ci. Abin nema shi ne ranar da ɗan ƙasa ba ya buƙatar sarautar ƙabilarsa kafin gonarsa ta tabbata tasa.

Yarjejeniyar zaman lafiya ta Juba, wadda gwamnatin riƙon ƙwarya ta ƙulla da ƙungiyoyin 'yan tawaye a watan Oktoban 2020, ta ƙara tsananta wannan ba tare da ta yi niyya ba. An raba kujeru ga ƙungiyoyin da suka ɗauki makamai, an tabbatar da hawakir, wato filayen gado na ƙabilu, a Darfur, an yanka ƙasa zuwa layukan tattaunawa na yanki yanki. Layin gabas kaɗai ya tada ƙurar da ta kai ga rufe tashar jiragen ruwan Bur Sudan a 2021. Kowa ya karanta saƙon: kujera tana ga mai bindiga ko mai yanki. Majalisar dokoki ta mutum 300 da takardar 2019 ta yi alkawari, wadda aka ce kashi 40 cikin 100 nata mata ne, ba a kafa ta ba har aka yi juyin mulkin 2021. Babban taron tsarin mulki ma ba a kira shi ba.

Akwai masu cewa mafita ita ce a ba kowace ƙabila jiharta kamar yadda Habasha ta yi a 1995. Su leƙa tsallaken iyakar Nilul Azrak kawai. Tsarin mulkin yankin Benishangul-Gumuz ya ambaci al'ummomi 5 a matsayin masu yankin, sauran mazauna kuwa, komai yawansu da daɗewarsu, suna mataki na biyu, kuma an sha zubar da jini a can. 'Yan uwanmu na Najeriya su ma sun san abin da takardar shaidar ɗan asalin jiha ta jawo a Jos tun daga 2001. Ina goyon bayan tsarin tarayya, domin Khartum ta daɗe tana cinye rabon yankuna. Sai dai tarayyar ta zama ta wilayoyi, wato jihohi, wadda duk mazaunin wilaya yake da ƙuri'a da damar tsayawa takara da neman aikin gwamnati a cikinta, ba tare da an buɗe littafin kakanni ba.

Kan jinsiyya kuwa, jimla mai daɗi ba ta isa ba, mun gani a 2005. A rubuta ƙarara cewa sharaɗin shaida ɗaya ne ga kowa, ba a ƙara wa wani saboda ƙabila ko harshe ko launin fata. Idan hukuma tana shakkar mutumin da aka haifa a ƙasar, ita za ta kawo hujja a gaban alƙali. Kuma ba wanda za a tuɓe wa jinsiyya a bar shi ba ƙasa. Hukumar filaye ta ƙasa da tsarin mulkin 2005 ya tanada, wadda ba ta taɓa yin aikin da aka tsara mata ba, a kafa ta da gaske, ta yi rajistar haƙƙin gargajiya na al'ummomi, ta kuma yi rajistar haƙƙin wanda ya daɗe yana noma ko kiwo a wuri. A nan ina tuna mazauna kanabi, wato zangunan 'yan ƙwadago na Jazira, ma'aikatan gona daga Darfur da Kurdufan da cikinmu, waɗanda suka haifi 'ya'ya da jikoki a gefen gonaki ba su da takardar ko filin da ɗakinsu yake kai, kuma aka kai wa wasu ƙauyukansu hari a watan Janairun 2025. Nazir da umda su ci gaba da sulhu da sasanta manomi da makiyayi, aikin da suka fi kowa iyawa, amma kada hatiminsu ya zama ƙofar shiga ƙasa.

Yaƙin nan ya raba fiye da mutum miliyan 10 da gidajensu. Da yawa sun fito ba takarda, yara an haife su a sansanoni a Chadi da Masar da Sudan ta Kudu ba takardar haihuwa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe an yi ta ne a 2008. Idan aka zo sabuwar ƙidaya da rajistar masu zaɓe, waɗanda aka saba tambaya su ne za a fara tambaya. Don haka duk mai takarda ya adana ta, ya ɗauki hotonta a waya, wanda ya sami haihuwa ya nemi a rubuta jaririn a duk inda yake. Lauyoyinmu da malamanmu da matanmu masu ilimi, na gida da na Saudiyya, su zauna tun yanzu su rubuta sassan da muke so a kan jinsiyya da filaye, da Larabci da Hausa, su kai wa Bani Amir da Nuba da mutanen kanabi da maƙwabtanmu na Nilul Azrak su duba su sa nasu, domin a shiga taron tsarin mulki da takarda ɗaya mai hannuwa da yawa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.