Sharhi: Santi Cazorla da Bashin Gidan da Ya Rene Shi

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filinmu na wasanni.

Idan aka zauna a gidan kallon ƙwallo ana musun waɗanda suka fi iya riƙe tsakiya a Sifaniya, sunaye huɗu ko biyar ne ke yawo a baki: Xavi, Iniesta, Busquets, Xabi Alonso, wani ya ƙara da David Silva. Sai an kusa tashi ne wani ɗan Arsenal zai ɗaga murya daga baya ya ce, to ina kuka bar Santi Cazorla? Yau a kan wannan ɗan gajeren mutum zan yi magana. Bai taɓa ɗaukar La Liga ba, bai ɗauki Firimiya ba, bai ɗaga Kofin Zakarun Turai ba. Duk da haka, a ganina, a cikin tsaransa babu wanda tafiyarsa ta ƙwallo ta kai tasa taɓa zuciya.

An haife shi ranar 13 ga Disamba, 1984, a Llanera, cikin yankin Asturias da ke arewacin Sifaniya, tafiyar mintuna kaɗan daga birnin Oviedo. Tun yana yaro ya shiga makarantar renon 'yan wasa ta Real Oviedo, kuma ba shi da burin da ya wuce ya sa shuɗiyar rigar nan a gaban 'yan garinsu. Allah bai nufa ba a lokacin. Ƙungiyar ta faɗo daga La Liga a 2001, bashi ya yi mata katutu, ta kasa biyan albashi, har a 2003 aka jefa ta rukuni na huɗu. A shekarar ne Cazorla, yana ɗan shekara 18, ya tattara ya nufi Villarreal ba tare da ya buga wa babbar tawagar Oviedo wasa ko ɗaya ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne bashin da ya yi shekara ashirin yana ɗauke da shi.

A Villarreal ya goge. Ya je Recreativo ta Huelva ya yi kaka ɗaya, 2006 zuwa 2007, ya haska sosai har Villarreal ta yi maza ta dawo da abinta. Kakar da ta biyo baya, a hannun koci Manuel Pellegrini, suka ƙare na biyu a La Liga, a saman Barcelona, ga ƙungiyar da garinta bai fi mutum dubu hamsin ba. A 2011 ya bi Pellegrini zuwa Malaga, suka ƙare na huɗu, karon farko ke nan da ƙungiyar ta samu gurbin Gasar Zakarun Turai. Kuɗi suka yanke wa Malaga, sai Arsene Wenger ya ɗauke shi zuwa Arsenal a watan Agustan 2012.

Daga nan ne mafi yawanmu muka san shi. Hausawa sun ce gajere ba yaro ba ne, kuma Cazorla ya tabbatar da haka a gasar da ake taƙama da ƙirar jiki da bangaza. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙafafunsa. Zai buga kwana da dama daga wannan ɓangare, ya zagaya ɗaya ɓangaren ya buga da hagu, har abokan wasansa kan yi gardamar wacce ce ƙafarsa ta asali. Mai tsaron baya ya saba tura ɗan wasa zuwa ƙafarsa mai rauni. To wanda ba shi da ƙafa mai rauni, ina za ka tura shi? A kakarsa ta farko ya buga duk wasanni 38 na Firimiya, ya ci ƙwallo 12, magoya baya suka zaɓe shi gwarzon ƙungiyar.

'Yan Arsenal ba za su manta da wasan ƙarshe na Kofin FA na 2014 a Wembley ba. Shekara tara babu kofi, ana ta yi musu gori a kowace majalisa. Kafin minti goma Hull City ta zura biyu. Wanda ya kalli wasan nan ya san yadda jiki ya yi sanyi. Cazorla ne ya ajiye ƙwallo, ya ja da baya, ya narka bugun tazara a saman kusurwar raga. Daga wannan ƙwallon rai ya dawo, aka tashi 3 da 2 bayan ƙarin lokaci. Sai kuma Janairun 2015 a gidan Manchester City, lokacin da Wenger ya ja shi baya ya haɗa shi da Francis Coquelin a tsakiya: ya ci fenariti, ya ba Olivier Giroud ta biyu, ya yi ta karɓe ƙwallo a tsakanin ƙarti yana sulalewa kamar ruwa. Ni dai ban ga wasan da ya fi wannan nuna ko wane ne Cazorla ba.

Amma duk wannan lokacin da ciwo yake wasa. A watan Satumban 2013, a wasan sada zumunta tsakanin Sifaniya da Chile, ya ji rauni a idon sawunsa na dama, ya ci gaba da lallaɓawa. Ranar 19 ga Oktoba, 2016, Arsenal ta ci Ludogorets 6 da nema, aka canza shi, kowa ya ɗauka makonni kaɗan zai yi. Ashe wasansa na ƙarshe ke nan a rigar Arsenal.

Masu sauraro, a nan nake so ku ba ni hankalinku. An yi masa tiyata, ciwon ya ƙi rufewa. A ɗinke, ya buɗe. A sake ɗinkewa, ya sake buɗewa yana ruwa. Ƙwayoyin cuta sun shiga ciki suna cin nama har ƙashi, kuma kafin a gano bakin zaren sun cinye santimita takwas na jijiyar agararsa. Sau takwas aka shiga da shi ɗakin tiyata cikin kusan shekara guda. Shi da bakinsa ya ba da labarin cewa an gaya masa idan ya samu ya iya takawa a lambun gida tare da ɗansa, to ya gode wa Allah. Har maganar yanke ƙafar ta taso. Wani likita a birnin Vitoria, Mikel Sanchez, shi ya sake gina jijiyar. Da aka zo rufe wurin, sai aka yanko fata daga hannunsa na hagu, daidai inda ya zana sunan 'yarsa, aka dasa a dunduniya. Yau rabin sunan yana hannu, rabi yana ƙafa.

Mutum mai shekara 33, ya tara abin da ya tara, yana da kofin nahiyar Turai biyu da ƙasarsa, na 2008 da 2012. Da ya ce ya rataye takalmi, wa zai ga laifinsa? Shi kuwa ya tare a otel a Salamanca, nesa da iyalinsa, yana koyon tafiya daga farko kamar jariri.

A 2018 Villarreal ta sake buɗe masa ƙofa. Da yawa sun ɗauka karamci ne kawai ake yi wa tsohon ɗan gida. Sai ga shi a Janairun 2019 ya zura wa Real Madrid biyu, aka tashi 2 da 2. A watan Yunin shekarar ya sake buga wa tawagar ƙasa wasa. Kakar da ta biyo baya ya ci 11 a La Liga, Villarreal ta ƙare ta biyar. Ɗan Najeriyar nan Samuel Chukwueze a 2018 ne ya fara fitowa a babbar tawagar Villarreal, kuma duk matashin ɗan gefe da ya samu irin Cazorla yana ba shi ƙwallo daga tsakiya, ya yi sa'ar malami. Daga nan ya tafi Al Sadd ta Katar, inda Xavi ke koci, ya yi shekara uku, ya ɗauki kofin gasar ƙasar.

Zancen Katar ba zan tsawaita ba, saboda abin da ya biyo baya shi ne dalilin wannan sharhi. Tun a 2012, lokacin da Oviedo ta kusa rushewa baki ɗaya, Cazorla da Juan Mata da Michu, dukkansu renon gidan, suka sayi hannun jari don a ceto ta. A watan Agustan 2023, yana da shekara 38, ya koma gida. Ya so ya yi wasa kyauta, doka ta hana, sai ya karɓi mafi ƙarancin albashin da aka yarda a biya ɗan wasan rukuni na biyu. Ya kuma gindaya sharaɗi ɗaya: kashi goma cikin ɗari na kuɗin rigunan da aka sayar da sunansa a zuba su a makarantar renon yara, wadda ta rene shi. A zamanin da ɗan wasa ke sumbatar tambarin riga yau, gobe wakilinsa na ciniki a wani gari, ni wannan sharaɗin ya fi ƙwallayensa duka girma a idona.

Kakar farko sun kai wasan ƙarshe na neman hawa La Liga, Espanyol ta hana su. Suka dawo a 2025. A wasan kusa da na ƙarshe da Almeria, ana bin Oviedo ɗaya, aka sako shi bayan hutun rabin lokaci, ya ci bugun tazara, kuma da hagu ya buga. A wasan ƙarshe, wanda ake bugawa gida da waje, Mirandes ta ci 1 da nema a gidanta, ta zo filin Carlos Tartiere, gidan Oviedo, ranar 21 ga Yuni ta sake fara ci. Biyu ke nan a jimla, gari ya yi tsit. Aka samu fenariti kafin hutu, kuma kowa a filin ya san wanda zai ɗauki ƙwallon. Dattijo ɗan shekara 40, da ƙafar nan ta dama da aka ce da ƙyar za ta taka lambu, ya jefa ta a raga. Ilyas Chaira ya ƙara, Francisco Portillo ya ci ta uku a ƙarin lokaci, aka tashi 3 da 1. Bayan shekara 24, Real Oviedo ta koma La Liga.

Makonni kaɗan bayan haka ya sa hannu a ƙarin shekara guda, domin ya buga La Liga da shuɗiyar rigar da ya bari yana ɗan shekara 18.

Masu sauraro, nan za mu dakata. A huta lafiya.