Shushtar: Garin da Ruwa Ya Yi wa Niƙa

Duk wanda ya taɓa bin layin injin niƙa a Garwa ta Kamaru, da kwanon masara a ka, sai wuta ta ɗauke, mai inji ya ce a dawo da la'asar, to ya matso kusa. Yau za mu leƙa garin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana niƙa, ba lantarki, ba man gas.

Shushtar ke nan, a kudu maso yammacin Iran, bakin kogin Karun. A shekara ta 260, Sarkin Farisa Shapur na Ɗaya ya kama Sarkin Rum Baleriyan a fagen yaƙi. Cikin fursunonin akwai gwanayen gini, aka sa su suka gina gada haɗe da madatsa, tsawonta ya kai kimanin mita 500. Har yau ana kiranta Band-e Kaisar, wato madatsar Kaisar.

Ni dai abin da ya fi kama mini rai shi ne Gargar, hanyar ruwan da mutane suka haƙa da hannu suka ɓallo ta daga kogin. An tare ta da madatsa, ruwa ya taru, ya bi ta ramukan da aka sassaƙa cikin dutse.

Ku duba da kyau yadda ruwan ya riƙa yin niƙa, jama'a. Ruwa ya faɗa wani rami mai kama da rijiya, ya fito ta 'yar ƙaramar kafa da ƙarfin gaske, ya daki fukafukan wani faifan katako da ke kwance. Faifan ya juya, sandar da ke tsakiyarsa ta juya dutsen niƙa na sama. Alkama na zuba ta tsakiya, gari na fita ta gefe. Aikin dutsen niƙan iyayenmu mata ne, amma ba durƙuso, ba ciwon baya.

Kuma ruwan bai tafi a banza ba. Yana gama juya dutse sai ya kwararo daga jikin tsauni, ya sake haɗuwa, ya nufi gonaki da lambuna kusan hekta 40,000. A 2009 hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Mu ma a nan, tun 1982 ruwan Binuwai ke juya injuna a madatsar Lagdo. Sai dai namu sai ya bi waya tukuna kafin ya iso wurin mai niƙa.