Gyaran Maƙogwaron Yaro Idan Ya Tsuke

To, jama'a, mu fara da awo. Hanyar iskar jaririn da aka haifa bayan ya cika wata tara a ciki, daidai ƙasan igiyoyin murya, faɗinta wajen milimita 5 ne. In ta gaza 4, ta tsuke ke nan. A hanya mai milimita 4, kumburin milimita 1 kewaye da bango yakan cinye kashi 75 cikin ɗari na sararin. A nan ne kuma guringuntsi ya yi cikakken zobe, babu inda kumburi zai nufa sai ciki. Shi ya sa yawancin masu wannan larura yara ne da suka daɗe da bututun numfashi a maƙogwaro: bututun ya danne fatar ciki, ta yi gyambo, ta warke da tabo.

Ma'aunin likitoci Myer da Cotton ya kasa tsukewar mataki huɗu, gwargwadon sararin da ya toshe: har zuwa kashi 50 cikin ɗari, 51 zuwa 70, 71 zuwa 99, sai toshewa ɗungurungum. Tabo sabo mai laushi akan buɗa shi da balan-balan ta baki. Tsohon tabo mai kauri kuwa sai wuƙa.

Aikin da aka fi yi shi ne a tsaga zoben ta gaba, wani lokaci har ta baya, a ɗebo guringuntsin haƙarƙarin yaron, a sassaƙa shi kamar kwalekwale, a cusa a tsagar. Ku riƙe wannan: gefen guringuntsin da ke da tantani shi zai kalli cikin hanyar, don a kansa sabuwar fata ke shimfiɗuwa. Kafin a rufe ƙirji kuma, a zuba ruwan gishiri a ramin da aka ɗebo guringuntsin, a hura huhu. In kumfa ya taso, an huda rigar huhu, sai a gyara nan take.

In tsukewar ta kai ƙarshen mataki na uku ko na huɗu, ni a ganina gara a yanke ɓangaren a haɗa bakin biyu. Haɗarinsa ɗinki ya ɓalle in an ja shi da ƙarfi, ko a taɓa jijiyar murya.

Me ke ɓata aiki? Tsamin ciki mai tasowa maƙogwaro, ƙwayoyin cuta, tsiron nama a bakin ɗinki, da yaro ya motsa bututun numfashin da aka bar masa bayan aiki ya goce da guringuntsin. Saboda haka akan magance tsamin cikin tun kafin a shiga tiyata, bayanta kuma a kwantar da yaron da magani wajen mako guda kafin a zare bututun.